Kimiyyar Sifana Mai Haƙora: Yadda Ake Gane Racet Na Ƙwarai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin kanikawa a cikin garin Sakkwato ya ji wani ɗan sauti mai daɗin ji, ƙas-ƙas-ƙas, yana fitowa daga ƙarƙashin mota. Sautin nan na wata irin sifana ce mai haƙora a cikin kanta, wadda kanikawa ke kira racet. Amfaninta shi ne, mutum yana iya kwance noti ko ya ɗaure shi ba tare da ya riƙa cire sifanar yana mayarwa ba. Hannu ya tafi gaba ya murɗa noti, ya dawo baya a sake, noti na nan inda aka bar shi.

A yau ba kanikawa kaɗai ke neman wannan makami ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikata masu sha'awar duba motocinsu da kansu ran Asabar, su canza baƙin mai ko fulogi. Akwai kuma ɗalibai, musamman na kwalejojin fasaha irin ta Farfaru da ta Runjin Sambo, waɗanda kan tara 'yan kuɗinsu don su mallaki kayan aiki na kansu. Irin waɗannan su ne suka fi faɗawa hannun kayan jabu, domin sukan shiga kasuwa su ga akwati mai ɗauke da ƙarafa fiye da ɗari suna ta walƙiya, farashi kuma ya yi musu daɗi. Bayan mako biyu sai racet ya suɓuce a tsakiyar aiki, yatsu su daki inji, jini ya zuba, kan noti ya cinye, aikin rabin awa ya zama na kwana biyu a wurin mai walda. Manufar wannan darasi ita ce mu nuna cewa ingancin racet a cikin kansa yake, inda ido ba ya gani, kuma ilimin lissafi da kimiyyar da ake koyarwa a sakandare ya isa mutum ya auna wannan inganci kafin ya miƙa kuɗinsa.

Abin da ke cikin kan racet

Mai karatu da ya taɓa hawan keke ya riga ya san wannan dabara, ko da bai san sunanta ba. Idan ka taka feda gaba, tayar baya ta juya. Idan ka tsayar da ƙafa ko ka mayar da feda baya, tayar ta ci gaba da tafiyarta, ka ji firiwil yana ƙara. Abin da ke cikin firiwil shi ne ke cikin racet.

Abubuwa uku ne muhimmai. Na farko wani ɗan faifan ƙarfe ne mai haƙora a kewayensa, wanda yake haɗe da hancin nan mai kusurwa huɗu da ake cusa wa soket. Na biyu wani guntun ƙarfe ne da za mu kira harshe, wanda ke shiga tsakanin haƙoran. Na uku ɗan ƙaramin sifirin ne da ke tura harshen ya jingina da faifan. An sassaƙa harshen ta yadda idan aka juya hannu ta ɓangare ɗaya zai dafe haƙoran ya tafi da su, idan kuma aka juya ta ɗaya ɓangaren sai ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Kowane ƙas da ka ji, haƙori ɗaya ke nan aka tsallake. Ɗan maɓallin da ke bayan kan racet aikinsa shi ne ya karkatar da harshen, ya sauya ɓangaren da zai kama.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1863 wani Ba'amurke mai suna J. J. Richardson, daga jihar Vermont, ya yi rajistar racet mai amfani da soket da ake iya sauyawa. A 1920 aka kafa kamfanin Snap-on a birnin Milwaukee, wanda ya yi suna da sayar da hannuwa biyar da soket goma masu shiga juna, maimakon bakanike ya sayi sifana hamsin. Shi kuwa maɓallin da ake dannawa soket ya fita cikin sauƙi ko da hannu ya yi maiƙo, wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Peter Roberts, ma'aikacin kantin Sears, shi ya ƙago shi, aka ba shi rajista a 1965. Ya sayar wa kamfanin da haƙƙinsa a kan dala 10,000, daga baya suka shafe shekaru masu yawa suna shari'a da ya ga irin ribar da aka samu. Ɗalibai su lura da shekarun wannan yaro.

Saboda wannan tarihi ne har yau ake auna hancin racet da inci, duk da cewa Nijeriya ta koma ma'aunin mita tun shekarun 1970. Girma uku ne suka fi yawa: rubu'in inci (milimita 6.35), inci 3/8 (milimita 9.5), da rabin inci (milimita 12.7). Don haka soket guda yana da baki biyu masu ma'auni biyu: bakin da ke kama noti na milimita ne, bakin da ke shiga racet kuwa na inci.

Nauyin da haƙori ke ɗauka

Nan ne zuciyar darasin take, saboda haka sai mu ɗan dakata.

Abin da ke kwance noti shi ne ƙarfin murɗa. Ana samun sa ta hanyar ninka ƙarfin da aka ja da shi da tsawon hannun sifana, daga tsakiyar noti zuwa inda aka riƙe. Ana auna ƙarfi da niwton, tsawo da mita, don haka ma'aunin ƙarfin murɗa shi ne niwton-mita. Nauyin kilo ɗaya ya yi daidai da niwton 9.8, amma don sauƙin lissafi za mu ce 10. Alal misali, idan ɗalibi ya ja hannun racet mai tsawon santimita 25 da ƙarfin da zai ɗaga kilo 20, lissafin shi ne 200 × 0.25, wato niwton-mita 50. Wannan ya isa ɗaure fulogi, wanda galibi yakan buƙaci tsakanin 20 da 30, ya kuma isa notin juye baƙin mai. Bai isa notin taya ba, domin na ƙananan motoci yakan kai 100 zuwa 120.

To, duk wannan ƙarfin murɗa ta ina yake bi ya isa noti? Ta kan haƙoran faifai, babu wata hanya. Mu ƙaddara faɗin faifan santimita 2.5 ne, wato daga tsakiyarsa zuwa haƙora santimita 1.25, ko mita 0.0125. Mu kuma ƙaddara an gamu da noti mai taurin kai da ke buƙatar niwton-mita 200. Ƙarfin da zai sauka a kan haƙora shi ne 200 ÷ 0.0125, wato niwton 16,000. Wannan nauyin kilo 1,600 ne, ko kuwa buhun siminti 32 irin wanda ake lodi a Kalambaina. Ya fi nauyin ita kanta ƙaramar motar da ake gyarawa.

Yanzu mu dubi girman haƙorin da zai ɗauki wannan kaya. Kewayen faifan ya kai kimanin milimita 78. Idan haƙora 72 ne a jikinsa, kowane haƙori bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, wato kaurin ƙwayar dawa ma ya fi shi. Idan harshen racet haƙori ɗaya yake kamawa, buhunan nan 32 a kansa kaɗai za su zauna, kuma babu makawa zai karye ko ya lanƙwashe. Idan kuwa an yi wa harshen nasa haƙoran, ya kama takwas a lokaci guda, kowanne buhu huɗu zai ɗauka. Amma fa sai an sassaƙa su daidai wa daida sannan duka takwas ɗin za su taɓa tare. In aikin ya yi ɗanye, biyu ne za su taɓa, sauran shida suna kallo. Wannan daidaito shi ne abin da mai saye ke biya a racet mai tsada, kuma shi ne abin da mai yin jabu ya fi gudu, domin yana cin lokaci da injuna masu kyau.

Hukumar tsara ma'aunai ta duniya, ISO, tana da ƙa'ida mai lamba 3315 a kan wannan. Ta tanadi cewa racet mai hancin rubu'in inci ya jure gwajin niwton-mita 62, mai inci 3/8 ya jure 202, mai rabin inci kuma 512. Da waɗannan lambobi za mu gane illar wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato zura dogon bututu a hannun racet a hau kai. Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya taka ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, niwton-mita 700 ya ɗora. Ya wuce haddin mai rabin inci, ya ninka na mai inci 3/8 fiye da sau uku. In racet ya fashe a nan, ba laifin wanda ya ƙera shi ba ne. Aikin karya taurin noti na doguwar sanda ne mara haƙori, wadda ake sa wa soket kai tsaye. Ita za ta fara motsa shi, sannan racet ya ƙarasa.

Haƙora nawa suka isa?

Da'ira tana da digiri 360. Idan aka raba 360 da yawan haƙora, za a sami ƙaramar kusurwar da dole hannu ya koma baya kafin harshe ya kama sabon haƙori. Mai haƙora 24 yana buƙatar digiri 15, mai 36 digiri 10, mai 72 digiri 5, mai 90 kuma digiri 4. A hannu mai tsawon santimita 20, digiri 15 na nufin sarari na santimita 5 da ɗoriya, digiri 5 kuwa bai kai santimita 2 ba.

A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da, wannan ba wani abin damuwa ba ne, domin in ka buɗe bonet akwai filin da za ka zura hannu har gwiwa. Motocin yanzu kuwa, su Corolla da Civic da Golf, an cushe injinsu da wayoyi da robobi, sau da yawa sararin yatsa biyu kawai za ka samu. A nan mai haƙora 24 ba ya ko motsi. A ganina 72 ya wadatar da mai gyaran sha'awa. Abin da ya wuce haka ribarsa digiri ɗaya ce ko biyu, kuma ƙananan haƙora sun fi saurin toshewa da datti. Sai dai a tuna da lissafin da ya gabata: racet mai araha da ke taƙama da yawan haƙora ya fi mai araha mai manyan haƙora haɗari. Wanda kuɗinsa bai kai na ƙwarai mai 72 ba, gara ya sayi na ƙwarai mai 36.

Ƙarfe da horonsa

A jikin yawancin sifanoni za ka ga an rubuta Cr-V. Ma'anarsa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam. A irin wanda aka fi sani, kabon yakan kai kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuromiyam kimanin kashi ɗaya, banadiyam kuwa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Kuromiyam na taimaka wa ƙarfe ya yi tauri har cikinsa, banadiyam kuma yana sa ƙwayoyin ƙarfen su kasance ƙanana, abin da ke rage saurin tsagewa.

Amma gauraye shi kaɗai ba ya yin komai sai an hori ƙarfen da wuta. Ɗalibin da ke son ganin haka da idonsa ya je unguwar Maƙera Assada ya zauna kusa da maƙeri. Zai ga an ɗauko guntun tsohon sifirin ɗin mota an gasa shi ya yi jawur, an buge shi ya zama wuƙa ko gatari, sannan an tsoma shi a ruwa ko mai. Tsomawar nan ta gaggawa ita ke sa tauri. Sai dai ƙarfen da ya yi tauri fiye da kima yakan zama kamar tangaran, da an matsa masa sai ya fashe, don haka ake sake ɗumama shi kaɗan a rage masa tsauri. Masana'antu ma haka suke yi, illa dai su suna auna zafin da na'ura. Haƙorin da bai ji horo ba zai lotse kamar dalma. Wanda horon ya yi masa yawa kuma zai ɓalle farat ɗaya ba gargaɗi.

Abu biyu ke nan ya kamata mai saye ya riƙe. Rubutun Cr-V ba shaida ba ce, kowa yana iya buga haruffa uku a jikin ƙarfe. Sannan walƙiyar da ke jikin sifana shafe ne kawai na nikel da kuromiyam, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, an yi shi don hana tsatsa. Ba ruwansa da ƙarfin abin da ke ciki. Hasali ma shafen banza yakan ɓare ya zama kamar reza ya yanki tafin hannu.

Gwaji a gaban mai kaya

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko a Babbar Kasuwar Sakkwato kake ko a shagon masu kayan gyara, ka nemi izinin mai kaya ka riƙe racet ɗin a hannu, kada ka yarda da wanda ke rufe a leda.

Ka fara kama hancin da yatsa biyu ka juya shi a hankali ta ɓangaren da yake sake. Ka saurara. Sautin ya zama iri ɗaya tun daga farko har ka kewayo, ba wurin da ya cije, ba wurin da ya yi shiru. Kana iya ƙirga sautin a rubu'in kewaye ka ninka sau huɗu, ka ga ko ya zo kusa da lambar da aka rubuta a kwali. Ka kuma lura da nauyin juyawar. Wannan batu mutane ba su cika kula da shi ba, alhali yana da muhimmanci: idan sifirin ya yi tsauri, da zarar noti ya fara sakewa sai racet ya riƙa tafiya da shi gaba da baya, ba ya tsallake haƙori, ka yi ta kaɗa hannu a banza. Na ƙwarai da yatsa ɗaya ma yana juyawa.

Daga nan ka girgiza hancin hagu da dama, ciki da waje. Ɗan motsi kaɗan dole ne, amma in yana rawa kamar haƙorin tsoho, ajiye shi. Ka sauya maɓallin ɓangare sau da yawa, ya riƙa zama daram, kada ya tsaya a tsakiya. Ka sa soket ka kifa shi ƙasa ka kaɗa. Ɗan ƙwallon ƙarfen da ke jikin hanci ya riƙe shi. In da hali, ka sa shi a wani ɗaurarren noti ka ja da ƙarfi ta ɓangarorin biyu, a wurare daban-daban na faifan. Suɓucewa ko sau ɗaya ta isa hujja.

Abu na ƙarshe, ka juya kan ka ga yadda aka rufe shi. Wanda aka rufe da ƙananan sukurori ko zoben ƙarfe ana iya buɗe shi a wanke, a canza sifirin ko harshe. Wanda aka dasashe murfinsa kuwa, ranar da ya tsaya ranar ya mutu.

Game da na gwanjo, kada a raina su. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon racet na kamfanoni irin su Gedore da Stahlwille na Jamus, ko Facom na Faransa, wanda ya sha aiki amma haƙoransa lafiya, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sai dai a duba kusurwoyin hancin, in sun murɗe ko sun goge alama ce an sha hawansa da bututu. A kuma sani cewa su waɗannan sunaye ma ana kwaikwayonsu.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi racet ɗaya mai inci 3/8, da doguwar sanda mai rabin inci don taya, da soket kaɗan masu kyau. Motocin Japan da baburansu galibi 8, 10, 12, 14, 17 da 19 suke ci, na Turai kuma sun fi son 13 inda na Japan ke da 12. Na fulogi yawanci 16 ne ko 21. A zaɓi soket mai kusurwa shida a ciki, domin ya fi mai goma sha biyu kama gefunan noti, kuma tun da racet ke juya shi, babu buƙatar ƙarin kusurwoyin. Kada kuma a ɗora 13 a kan noti na rabin inci ko na 12 don an ga ya shiga. Wannan ɗan sararin shi ne ke cinye kan noti.

Ƙurar Sakkwato

Zafin bazara, ko da ya haura digiri 40, ba ya taɓa horon ƙarfe, domin wannan sai zafi ya kai ɗaruruwan digiri. Iyakarsa ya ƙona hannun wanda ya bar sifana a rana. Babban abokin gabar racet a ƙasarmu shi ne ƙura, musamman ta hunturu. Ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarfen kayan aiki tauri, saboda haka in ta shiga kan racet ta haɗu da giris sai ta zama abin wasa ƙarfe, tana cin haƙora a hankali. Don haka mai rufaffen kai ya fi dacewa da mu. Kada a ajiye shi a ƙasa a lokacin aiki, a shimfiɗa masa tsumma. Lokaci-lokaci a buɗe shi a wanke da kananzir, a ɗiga masa mai mara kauri. Giris mai kauri yakan riƙe harshe ya hana shi komawa cikin haƙora da sauri, wannan ma yana jawo suɓucewa.

A wajen aiki kuma, a riƙa jawo hannun racet zuwa jiki maimakon tura shi. In ya zama dole a tura, a tura da buɗaɗɗen tafin hannu, don ko ya suɓuce yatsu su tsira. Kuma racet ba ma'auni ba ne: ƙananan notoci masu kan 10 ba su wuce kimanin niwton-mita 10 ba, yaro ma yana iya tsinke su. Inda littafin mota ya faɗi lamba, kamar notocin kan inji, sifana mai auna murɗa ake nema.

Ga malamai da ɗalibai

Malamin kimiyya zai iya aron racet biyu daga wurin bakanike, tsoho da sabo, ya buɗe su a gaban aji a kan farar takarda, yana lura da ɗan sifirin don yana da saurin tsalle ya ɓace. Ɗalibai su ƙirga haƙoran faifai da na harshe, su auna faɗin faifan, sannan su amsa waɗannan:

1. Racet yana da haƙora 45. Digiri nawa hannu zai koma baya kafin ya kama?
2. Notin taya yana buƙatar niwton-mita 110. Ƙarfin kilo nawa za a ja da shi a sanda mai tsawon santimita 55? Nawa za a buƙata a racet mai tsawon santimita 20?
3. Ku yi amfani da faɗin faifan da kuka auna ku lissafa nauyin da ke sauka a kan haƙori guda idan aka ɗora niwton-mita 100, sannan ku mayar da amsar zuwa buhunan siminti.